MAI GWADA ƘOFA BA ƁARAWO BA NE

A wannan mako filinmu zai leƙa unguwar Gamboru ta cikin birnin Maiduguri, ba Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru ba, domin mu tattauna a kan wata sana'a wadda jin sunanta kaɗai ya isa ya sa dattijo ya tsuke fuska, watau sana'ar kutse cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kutsen da muke nufi shi ne wanda ake yi da yardar mai na'ura, don a gano kafar da ɓarawo zai iya bi, a toshe ta tun bai zo ba. Turawa suna kiran masu wannan aiki masu farar hula, amma da yake a wurinmu farar hula shi ne wanda ba soja ba, mu za mu kira su masu gwada ƙofa. Ra'ayinmu shi ne wannan ilmi ya zama tilas gare mu, kuma abubuwa uku ne suka raba mai shi da ɓarawo: izini, da tsayawa kan iyaka, da riƙon amana.

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Gamboru, inda ake sauke tumatir da albasa da attaruhu da sauran kayan miya tun da asuba. A da dukiyar ɗan kasuwa tana cikin lalitarsa ne ko cikin akwatin ƙarfe, tsaronta kuwa kwaɗo ne da maigadi. Mai shago shi ya sayi kwaɗonsa da hannunsa, shi yake kulle shi da yamma, ya jijjiga shi ya ji ko ya kama, sa'an nan ya tafi gida. To, tun daga farkon shekarar 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardun Naira suka yi wuyar gani, mai tumatir da mai albasa suka koma karɓar kuɗi ta waya, masu na'urar POS kuma suka baza laima a kowace kusurwa. Yau rabin jarin mutum yana bayan wani kwaɗo da bai taɓa gani ba, wanda wani da bai sani ba ya ƙera, a wani gari da bai taɓa zuwa ba. Shi ba ya iya jijjiga wannan kwaɗo. In kuwa haka ne, lalle sai an sami wani amintacce da zai jijjiga masa.

Ba kuɗi kaɗai ake ajiyewa a bayan irin wannan kwaɗo ba. Jihar Barno ta ga tashin hankali na shekara da shekaru, dubban ɗaruruwan mutane sun bar garuruwansu sun fake a Maiduguri, kuma an rubuta sunayensu, da garuruwansu, da sunayen 'ya'yansu, har da hoton yatsunsu, a cikin na'urorin hukuma da na ƙungiyoyin agaji. A shekarar 2019 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ce tana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta a lokacin. To, ita wannan ƙungiya ce a watan Janairu na 2022 ta sanar da cewa an kutsa cikin na'urorinta, an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, waɗanda yaƙi ko ƙaura ko wani bala'i ya raba da danginsu a ƙasashe dabam-dabam. Da aka bincika sai aka tarar masu kutsen sun bi ta wata sananniyar kafa ce a cikin wata manhaja, wadda an riga an fitar da facinta amma ba a liƙa shi da wuri ba, kuma sun yi kwana kusan 70 a ciki kafin a farga. Dole ta sa aka rufe na'urorin da ake haɗa ɓatattu da danginsu na wani lokaci. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ASALIN SANA'AR

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara sabuwa ce. A shekarar 1851, lokacin babban baje kolin da aka yi a birnin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya zo ya tarar da wani kwaɗo na kamfanin Bramah wanda aka rataye a tagar kanti tun wajen 1790, tare da alkawarin ladan fam 210 ga duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba. Shekara sittin babu wanda ya iya. Hobbs ya zauna a kansa awa 51 cikin kwana 16, ya buɗe shi a gaban shaidu, aka biya shi ladansa. Mutanen Ingila sun ji zafin abin, wasu ma suka ce ya koya wa ɓarayi hanya. Amma abin da ya biyo baya shi ne maƙera suka koma maƙera suka gyara aikinsu, kwaɗuna suka ƙara ƙarfi. Kafar da Hobbs ya bi tana nan tun ranar da aka ƙera kwaɗon, shi dai nuna ta kawai ya yi da rana tsaka, maimakon wani ya bi ta da tsakar dare.

Da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shigo sai aka bi wannan sawu. A 1972 wani masani mai suna James Anderson ya rubuta wa rundunar sojan sama ta Amurka rahoto a kan raunin na'urorinta, a waɗannan shekaru kuma rundunar ta riƙa kafa ƙananan ƙungiyoyi na ƙwararru, aikinsu kawai su yi ƙoƙarin fasa na'urorinta su kawo labari. A 2016 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ƙara gaba, ta yi shela cewa duk ɗan ƙasar da ya yi rajista aka tantance shi, ya zo ya gwada wasu shafukanta na intanet. Mutum wajen 1,400 suka shiga, cikinsu har da yaro ɗan shekara 18, cikin ƙasa da wata ɗaya suka gano kafa 138 ta gaske, aka biya waɗanda suka gano su lada. Idan ma'aikatar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan makamai ba ta ji kunyar cewa a zo a jijjiga mata ƙofa ba, ina dalilin da ƙaramin banki ko asibiti ko ofishin biyan albashi a ƙasarmu zai ji kunya?

YADDA AKE YIN AIKIN

Aikin gwada ƙofa yana da tsari, kuma matakinsa na farko takarda ce, tun kafin a taɓa na'ura. Mai na'ura da mai gwaji sukan zauna su rubuta yarjejeniya, a ambaci na'urorin da aka yarda a taɓa da waɗanda ba a yarda ba, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda za a buga wa waya idan wani abu ya lalace, kowa ya sa hannu.

Bayan haka sai leƙen asiri. Mai gwaji yakan tattara duk abin da baƙo zai iya sani game da ma'aikatar ba tare da ya shiga ba, kamar sunayen ma'aikata da suka baza a Facebook, da adireshin na'urorinsu, da irin manhajar da suke aiki da ita. Daga nan sai ya bi ƙofofi yana ƙwanƙwasawa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da ƙofofin sadarwa masu lamba har 65,535, kuma akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Nmap, wadda aka fitar tun 1997, da take bin su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wadda take buɗe da abin da yake bayanta.

Idan ya ga kafa sai ya gwada ko za ta shigu. Abin mamaki shi ne kafofin da aka fi samu ba na wani zurfin ilmi ba ne. Wata na'urar an bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, wadda kowa zai iya karantawa a littafinta. Wata manhajar an yi shekara ba a sabunta ta ba. Wani shafin kuma, a gurbin da aka tanada don mutum ya rubuta sunansa, idan aka rubuta umarni irin na na'ura sai ya bi umarnin ya zazzage duk abin da ke cikin rumbunsa. Babbar kafa kuwa ita ce ɗan Adam da kansa. Sau da yawa mai gwaji, idan yarjejeniya ta ba shi dama, yakan aika wa ma'aikata wasiƙa kamar daga shugabansu take, ya ƙirga mutum nawa za su miƙa kalmar sirrinsu. Wannan ita ce dabarar masu bugo wa mutane waya suna cewa daga banki ne, a faɗi lambar da aka turo yanzu.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa, shi ne rahoto. A ciki mai gwaji zai bayyana kafar da ya samu, da yadda ya bi ta, da irin ɓarnar da ɓarawo zai iya yi, da yadda za a toshe, ya jera su daga mafi hatsari zuwa mai sauƙi. Idan an gyara sai ya dawo ya sake jijjigawa. Bai ɗauki ko kwabo ba, bai kwafi sirrin kowa ya tafi da shi ba, bai kuma ba abokansa labari a majalisa ba.

ABIN DA DOKA TA CE

A nan ne ya kamata samarinmu su buɗe kunne. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun shekarar 2015, an kuma yi mata gyara a 2024. Sashe na 6 na dokar ya yi magana a kan shiga na'urar wani ba da izini ba, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar Naira miliyan 5, in kuwa an shiga da niyyar kwasar bayanai ko sirrin ciniki, hukuncin yana iya kai shekara 7 ko Naira miliyan 7, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Saurayin da ya kutsa cikin shafin makarantarsu, aka kama shi, ya ce shi taimako ya yi niyya, ya sani cewa alƙali takarda zai nema. A al'adarmu ma wanda ya haura katangar maƙwabcinsa da dare ya ce ya zo duba masa ƙofa ne, ba a sauraronsa. Sallama ake yi daga zaure, a jira a amsa.

Ko da izinin ma sai an tabbata cewa wanda ya ba da shi yana da ikon bayarwa. A watan Satumba na 2019, a Jihar Iowa ta Amurka, hukumar kotunan jiha ta ɗauki wasu ƙwararru biyu su gwada tsaron gine-ginenta. Suka shiga wata kotu da dare, ƙararrawa ta kaɗa, suka nuna takardarsu, amma shugaban 'yan sandan yankin ya ce ginin na ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da ikon ba da izini a kansa. Suka kwana a tsare, ba a janye tuhumar ba sai a farkon 2020. Idan haka ta sami masu takarda a hannu, yaya ke nan ga wanda ba shi da ita?

Akwai kuma labarin Marcus Hutchins, ɗan Ingila. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle na'urori tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000. Ita ma ta bi ta kafar da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. Hutchins, yana da shekara 22, shi ya gano dabarar da ta tsayar da ita, duniya ta yaba masa. Bayan wata uku sai aka kama shi a Amurka saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta tun yana ƙaramin saurayi. Ya amsa laifinsa a 2019, alƙali ya yi masa sassauci saboda alherin da ya yi daga baya. Darasin a fili yake, abin da yaro ya aikata a kan na'ura yana ɗan shekara 18 yana nan a rubuce, zai jira shi har ranar da ya yi suna.

INA ZA A FARA?

Yaron Gamboru da yake son wannan sana'a ba ya bukatar ya taɓa na'urar kowa kafin ya ƙware. Da farko ya koyi yadda na'urori suke magana da junansu, domin wanda bai san yadda aka gina ɗaki ba ba zai san inda yake yoyo ba. Sa'an nan ya saba da manhajar Linux, ya koyi ɗaya daga harsunan rubuta umarni, kamar Python. Akwai wani nau'in Linux mai suna Kali, wanda aka fitar a 2013, da ya tattara kayan aikin gwaji wuri ɗaya, kuma kyauta ne. A cikin kwamfuta guda ta tafi-da-gidanka mutum yana iya kafa wasu na'urori na jabu, waɗanda aka ƙera da rauni da gangan don koyo, ya yi ta fasa su yana gyarawa ko babu intanet. Akwai kuma dandalin koyo irin su TryHackMe da Hack The Box da picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, inda masu wurin da kansu suka ce a zo a fasa. Wanda ya yi nisa yana iya neman takardar shaida. Ɗaya daga cikin masu daraja, wadda ake kira OSCP, jarrabawarta ta kusan awa 24 ce a gaban na'ura, bayanta kuma sai ɗalibi ya rubuta rahoto. Saboda haka wanda ya raina darasin Turanci da rubutun insha'i ya raina rabin sana'ar.

Ta wajen makarantu kuwa, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe da sashe na musamman a kan tsaron na'urori, kuma sabon tsarin karatun da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ware wannan fanni a matsayin digiri mai zaman kansa. Shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku a kan fasahar zamani, wanda aka fara a 2023, shi ma ya sa tsaron na'urori cikin darussansa. A Maiduguri akwai jami'ar tarayya tun 1975, akwai ta jiha, akwai Kwalejin Fasaha ta Ramat, saboda haka ba a rasa inda za a kafa tushe ba.

Ba mu ce hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ba. Mutanen Maiduguri sun ga watannin 2013 da aka katse layukan waya saboda dokar ta-ɓaci. Sun ga duhun da ya biyo bayan fasa turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu a watan Janairu na 2021, wanda ya sa aka gina tashar wuta mai aiki da gas aka buɗe ta a watan Maris na 2023. Sun kuma ga ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gamboru da Gwange da sauran unguwanni. Yaron da ya tashi cikin wannan hali kuɗin kwamfuta da na data ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. To, amma jarin wannan sana'a bai kai na Keke Napep ba, kuma mai ita yana iya zama a Gamboru ya yi wa kamfani a Ikko ko Nairobi aiki.

Sai dai a yi hattara da malaman ƙarya. Duk wanda ya yi tallar cewa cikin mako ɗaya zai koya maka buɗe WhatsApp ɗin wani, ko janye kuɗi daga asusun da ba naka ba, to, ko dai kuɗinka yake so ya ci, ko kuwa hanyar ofishin Hukumar EFCC yake nuna maka. Malamin ƙwarai darasinsa na farko doka ce.

KIRA GA MASU HANNU A CIKI

Aikin yi yana nan, domin doka da kanta ta buɗe kasuwarsa. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron na'urori ga manyan bankuna a 2018, ya fitar da na ƙananan bankuna da makamantansu a 2022, kuma gwajin kutse a kai a kai yana cikin abin da aka ɗora musu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Gyaran 2024 kuma ya wajabta kai rahoton hari cikin awa 72. Girman barazanar ma ba a ɓoye yake ba, don Ministan Sadarwa na wancan lokaci, Farfesa Isa Ali Pantami, ya faɗa cewa an kai hari kusan miliyan 13 a kan na'urorin ƙasar nan a kwanakin zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023.

Saboda haka kiranmu na farko ga shugabannin ma'aikatu da asibitoci da ƙananan bankuna da ƙungiyoyin agaji na Jihar Barno ne. Su sa kuɗin gwaji cikin kasafinsu kamar yadda suke sa albashin maigadi, su kuma buɗe wata hanya sananniya wadda duk wanda ya ci karo da kafa a shafinsu zai bi ya sanar da su ba tare da tsoron kamu ba. Shugaban da ya saka wa mai kawo gargaɗi da barazana, gobe babu mai faɗa masa kome, sai dai ya ji a bakin masu asusu.

Kira na biyu ga gwamnatin jiha da manyan makarantu. A ware ɗaki guda mai hasken rana da kwamfutoci ko ashirin ne a unguwanni irin su Gamboru, a sa malami, a riƙa shirya gasar fasa na'urorin jabu tsakanin makarantu, da 'yan mata a ciki, a ba waɗanda suka ci kyauta a bainar jama'a. Yaro mai kaifin basira yana son a san da shi. Idan mutanen kirki ba su nuna sun gan shi ba, 'yan damfara sun gan shi, kuma su ba sa jinkiri.

Kira na uku ga iyaye da malaman unguwa. Idan kun ga ɗanku ya duƙufa a kan na'ura, kada ku yanke masa hukunci, kada kuma ku kau da kai. Ku tambaye shi na'urar wane ne yake taɓawa, wa ya ba shi izini, ina takardar. Waɗannan tambayoyi uku ba sa bukatar uba ya san boko. In ya kawo kuɗin da ya fi ƙarfin aikinsa, a tambayi asalinsu kafin a sa albarka.

Ku kuma samari, ku sani cewa a wannan sana'a sunan kirki shi ne jari. Babu bankin da zai miƙa mabuɗin rumbunsa ga wanda aka taɓa kamawa da hannu cikin aljihun wani, kome gwanintarsa. Ku yi haƙuri ku koya a kan naku, ku nemi izini a rubuce kafin ku taɓa na wani, ku tsaya inda aka ce ku tsaya, abin da kuka gani kuma ku bar shi tsakaninku da mai shi. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.